Kanwa a Akwatin Igiya

Ranar Asabar ce, mako biyu bayan an gama tsinkar wake, shekarar da na shiga aji biyar. Tun kafin rana ta ɗaga mutanen ƙauyenmu suka cika bakin gonar Babana, har da waɗanda ba su taɓa yi mana sannu da aiki ba, domin a ranar ne injin ɗaure harawa zai fara aiki. Tarakta ta jawo shi, jan fentinsa yana sheƙi, ya bi layin farko yana lashe harawa kamar mayunwacin sa. Da cikinsa ya cika direba ya tsaya, Baba ya gyara zaman hularsa, ya miƙa hannu ya danna maɓallin wani ɗan akwati da aka ɗaure kusa da sitiyari. Wannan maɓalli shi ne zai sa wani hannun ƙarfe ya zagaye damin da igiya. Ya danna sau ɗaya, ya danna sau biyu, ya haɗa manyan yatsunsa biyu ya danna. 'Yar fitilar da ke jikin akwatin ta ƙyafta ta mutu. Direba ya ce wataƙila ya ɗaure ne ba mu ji ba, ya buɗe bayan injin. Sai ga wani ƙaton naɗi ya gangaro, ya ɗan tsaya kamar zai yi abin kirki, sannan ya warware a ƙasa. Wani tsoho daga baya ya ce, "Wanga inji dai ci ya iya, ɗauri sai a kiro tsohuwa." Wuri ya ɗauki dariya. Ni ma na yi dariyar, har da riƙe ciki, kuma babu dariyar da na yi a rayuwata da nake da-na-sani a kanta kamar wannan.

Ƙauyenmu yana can gefen Kebbe, inda hanya kan gama da babur kafin ta kai mutum Tambuwal. Kowane gida noma da kiwo ne a haɗe, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san cewa wake na mutane ne, harawa ta shanu, ita ce kuma ke raba saniya da mutuwa idan bazara ta yi tsawo. Yadda muka taras ana yi shi ne, da zarar an tsinke wake sai a kira gayya. A fita da asuba tun raɓa ba ta bushe ba, don ganyen harawa ba ya son hannu idan rana ta taɓa shi, a tuge ta, a naɗe, a ɗaure da kaba. Maza na naɗi, mata na kawo fura da nono, mu yara muna jigilar dami zuwa amalanke, muna tsintar ragowar wake muna gasawa, muna kama fara muna tsire ta a tsinke. Da la'asar za ka ga harawa ta hau rumfa, ta hau rufin ɗaki, ta hau rassan marke, inda bakin dabba ba ya kaiwa. Dole ne kuma a gama kafin ranar sakin shanu. Mai gari da ardo su ke zama su sa wannan rana, a yi shela, daga ranar nan kuwa duk abin da ka bari a gona ya zama na garken da ya fara isa. Ba ka da ƙara, ba ka da kuka. Haka aka yi ta zama lafiya da makiyaya tun kakanni.

Injin ya zo ne a ƙarshen bazarar da ta gabata. Ƙungiyar manoman yankinmu ce ta samo shi, ɗan gwanjo daga ƙasashen waje, Baba kuma shi ne shugabanta. Wanda ya kawo shi ya gwada shi sau ɗaya da karan shinkafa, ya ɗaure dami guda tsaf, ya shiga motarsa ya tafi, ya bar musu wani littafi mai kauri wanda hedimasta ya juya gaba da baya ya ce wannan dai ba Turanci ba ne. Da damina ta kama, Baba ya kafa masa rumfar kwano a cikin gidanmu, abin da ko ɗakin girkin Inna bai samu ba. Babana, Malam Modi, ba mugun mutum ba ne. Mutum ne mai son a ce shi ya fara. Duk daminar nan a majalisa ba shi da zance sai na inji. Ya ce zamanin gayya ya wuce, ya ce bana ba zai dama furar kowa ba, ya ce abin da mutum arba'in ke yi a kwana uku za a yi shi kafin azahar. Da kaka ta zo gayya biyu aka kira shi bai je ba. Tasa harawar kuwa ya sa aka yanke ta duka, gona uku, aka shimfiɗa ta layi-layi ta bushe a ƙasa, yadda injin ke so.

Ni a lokacin ba inji ne a gabana ba, Kyalla ce. Ranar sunana kakana na wajen uwa ya ba ni karsana, kamar yadda ake yi. Ta girma ta yi ta haihuwar maza ana sayarwa, sai a ƙarshe ta haifi mace, ba a yi wata biyu ba ta haɗiye leda ta mutu. Marainiyar da ta bari ni na raine ta, da kunu a kwalbar lemo da nonon da nake satowa daga ƙwaryar Inna. Farin gashi ya zagaye cikinta irin na akuya, shi ya sa na sa mata Kyalla. Shanu shida ne a turkenmu, amma sauran biyar na gida ne, ita kaɗai ce tawa, kuma ta san da haka. In na dawo makaranta, tun daga bakin rijiya take jiyo muryata ta fara jan igiya. Ni ke share mata turke, ni ke cire mata kaska, ni ke zuwa bakin fadama in yanko mata ɗanyar ciyawa alhali ƙawayena na can suna gaɗa da 'yar carafke. Ba ta yarda kowa ya kama mata ƙaho, ko Baba sai ta yi masa huci. Inna takan ce, "Kulu, ran da za a kai ki ɗaki sai dai a yi gado biyu."

Cikin ayyukana har da ba shanu kanwa. Duk bayan 'yan kwanaki ake jiƙa ta da ɗan gishiri a kwami su sha, tana buɗe musu ciki, tana gyara musu gashi. Ni kuwa, saboda son kai, nakan rage wa Kyalla nata daban, in ba ta a tafin hannu tana lasa. Matsalar ita ce wurin ajiya. Na sa a ɗaki, Inna ta kwashe ta zuba a miyar kuka. Na rataye a danga, awaki suka yaga tsumman. Na tura ƙarƙashin rumbu, ruwan sama ya narkar da ita. Wata rana ina wasa a gindin injin na ga wani akwatin ƙarfe a gefensa, mai murfi, wanda daga baya na san nan ake zuba ƙullin igiya. Babu kowa a ciki sai gizo-gizo. Na yi murna kamar na tsinci kuɗi. Tun daga farkon damina har ƙarshenta nan ne ma'ajiyata, kanwa da gishiri a ƙulle cikin tsohon ɗankwali. Nakan taras da ƙullin ya jiƙe yana ɗiga, don murfin ba ya rufuwa sosai kuma feshin ruwa na shigowa ta gefen rumfa, sai in matse in mayar. Ranar da Baba ya ce za a fito da inji na kwashe kayana, na share farin da ya bushe a gindin akwatin da tsintsiya. Akwai wata 'yar huda a kusurwa inda ruwan ke tsiyaya ƙasa. Ban taɓa leƙawa in ga abin da ke ƙarƙashinta ba, shekarata goma sha ɗaya.

Ranar da injin ya ƙi ɗauri, kwana goma sha biyu suka rage a saki shanu. Kwana biyun farko direban tarakta ya cinye su. Ya cire batir aka kai Kebbe aka yi caji, ya goge kawunansa da toka, ya bubbuga ɗan akwatin maɓalli da gindin sukudireba, ya ce sanyi ne ya kama shi, aka shanya shi a rana. A rana ta uku aka ɗauko Mani mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota da babur, daga Tambuwal. Magidanci ne ɗan asalin Sanyinna, siriri, marar yawan magana, babban yatsansa na dama a ƙone. Kayan aikinsa duka a jakar buhu suke, kuma abin da ya fi amfani da shi ƙwan fitilar babur ne da ya ɗaura wa waya biyu. Daga batir ya fara, yana bin waya taki-taki kamar mai bin sawun ɓarawo. Ya taɓa nan ƙwai ya kama, ya matsa gaba ya taɓa, ya kama. Ya sami fis ɗaya da ya yi baƙi ya canja shi. Ya buɗe mahaɗar da ke tsakanin tarakta da inji, ya kankare tsatsa, ya matse bakunan da filaya. Fitilar akwati ta kama, mutane suka yi kabbara. Baba ya danna maɓalli, hannun ƙarfen nan ya motsa kamar faɗin yatsa, fitila ta dushe ta mutu. Aka saki maɓalli ta dawo. Aka danna ta mutu. Haka aka yi ta yi har magariba.

Washegari Mani ya zauna a kan dutse ya daɗe yana kallon injin, sannan ya kira Baba da manyan ƙungiya. Na ji maganar da kunnena, don na kawo musu ruwa. Ya ce, "Wuta awa mai zuwa kasuwa take, in ta tafi sai ta komo gida. Wagga tana zuwa, komowa ta ba ta yi." Ya yi musu bayani cewa waya biyu ke aiki, ɗaya ta kawo wuta, ɗaya ta mayar da ita ta jikin ƙarfe, kuma in ta mayarwar ta raunana za ta iya ɗaukar wutar ƙwan fitila amma ba za ta iya ɗaukar ta hannun ƙarfe ba. Ya bi wayar har inda ta shige ƙarƙashin akwatin igiya ta ɓace. Ya ce, "Abin da nika zato, ciwon na nan. Ku bari in kwance noti fuɗu in ɗaga akwatin ga." Baba ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Injin da yat taho daga bayan teku, kai mai gyaran fitilar babur za ka warware muna shi? In ka kasa maida shi fa? Tarakta ta tsohuwa, can za ka duba." Sauran suka ce gaskiya ne, sabon abu ba ya ciwo. Mani bai yi musu ba, talaka ne a gaban masu kaya. Ya tattara filayarsa ya koma kan tarakta.

Daga nan aka bar jaki aka shiga dukan taiki. Aka aro batirin wata babbar mota, bai canja komai ba. Aka ce abin da ke cajin batir ne ya gaji, aka kwance shi, Mani ya kai shagonsa ya dawo da shi bayan kwana biyu, ya ce lafiyarsa lau tun farko. Aka canja wayar tarakta tun daga batir har mahaɗa. Wani ya ce a kai akwatin maɓalli Sakkwato wurin masu gyaran kwamfuta, aka naɗe shi a rawani aka ba direban bas, ya kwana uku ya dawo da saƙon cewa ba abin da ya same shi. Wani malami ya zo ya yi tofi a tayoyi. Duk wannan hidima harawarmu na kwance a rana, ganyenta na ƙara ƙeƙashewa, iska na ɗiba kaɗan-kaɗan. Maƙwabta da suka ga abin da ake ciki tuni kowa ya koma ga kabarsa, har da waɗanda suka ce sabon abu ba ya ciwo. A ɓoye suka ɗaure tasu suka ɗora bisa itace, da safe kuma su zo gonarmu su tsaya hannu a baya suna ba da shawara.

A makaranta ma ban tsira ba. Yara suka ƙirƙiro wasa suka sa masa injin Modi. Ɗaya zai durƙusa ya dunƙule, wani ya danna masa hanci, sai ya mirgina ya baje a ƙasa hannu da ƙafa, a yi ta ihu. Na yi dambe sau biyu a kan wasan nan, na yaga wa wata hijabi, na sha bulala. A gida kuwa Inna ta kasa haƙuri. Ba mace ce mai sa baki a harkar maza ba, amma ita ke tatsa, ta san abin da bazara ke yi wa hantsar saniya. Ta sami Baba yana alwala ta ce, "Malam, kwana shida sunka rage. A kira gayya tun harawa na da ganye. Ganin hadari ba ya sa a yi wanka da kashi." Ya ce, "In kira mutanen da sunka yi man dariya? Inji na za ya ɗaure ta." Bai ƙara ba, bai kuma bari ta ƙara ba. Daga ranar, da an sallame asuba sai ni da Inna da ƙannena biyu mu fita da kaba, mu naɗe abin da raɓa ta tausasa kafin rana ta fito. Me hannu takwas za su yi wa gona uku? Muka riƙa kawo 'yan dami a ka, muna bi ta bayan gida don kada Baba ya ji kunya, shi kuma yana yi kamar bai gani ba. Kullum a makare nake isa makaranta, tafin hannuna duk ƙaiƙayi.

Ana saura kwana ɗaya Baba ya sa babbar riga ya je wurin mai gari roƙon a ƙara masa kwana uku. Mai gari ya ce shanu sun fi mako suna tsaye a bakin daji da yunwa, an riga an yi alkawari da ardo, kuma ranar da aka fara ɗaga wannan rana saboda mutum ɗaya, ranar za a fara zubar da jini. Gaskiya ya faɗa, ko a lokacin na san gaskiya ce. Da safe shanu suka shigo. Ina tsaye a kan jigawa na ga garke bayan garke suna gangarowa, farare da jajaye, suka bi layukan nan da aka shimfiɗa tsaf kamar don su aka yi. Ba su taɓa samun irin wannan liyafa ba. Makiyayan da kansu kunya ta kama su, wani dattijo a cikinsu ya zo ya gai da Baba ya kasa haɗa ido da shi. Kafin la'asar gona uku sun zama kashin shanu da sawun kofato. Injin na tsaye a tsakiya, wani maraƙi na sosa wuya a jikin tayarsa.

A ranar ne, da komai ya ƙare, Baba ya ce wa Mani ya kwance duk abin da ya ga dama. Ihu bayan hari. Mani ya kwance notin nan huɗu, mutum biyu suka ɗaga akwatin igiya. A ƙarƙashinsa, daidai saitin hudar nan, ga wata baƙar waya mai kauri an ɗaure kanta a jikin ƙarfe. Kan ya zama kore da fari, ya kumbura. Mani ya ja ta a hankali ta biyo hannunsa, silin jan ƙarfe biyu ko uku kawai suka rage a ciki, sauran sun zama gari. Ya kankaro farin da farce ya taɓa a harshe, ya tofar. Ya ce, "Kanwa ta. Da gishiri." Duk gidanmu an san mai yawo da kanwa a bakin zane. Baba ya juyo ya ce, "Kulu, ke ta?" Na ce, "Ni ta, Baba." Mani ya yi saurin cewa, "Malam Modi, yarinya ba ta san waya ba. Tun rana ta fuɗu nic ce a buɗe nan." Ya yanke ruɓaɓɓen kan, ya goge ƙarfen har ya yi haske, ya ɗaura sabo, aikin da bai kai dafa shayi daɗewa ba. Aka tattaro 'yan karare da shanu suka tattake aka ba injin. Baba ya danna maɓalli, hannun ƙarfe ya zagaya sumul, dami ya faɗo a ɗaure tamau.

Baba bai doke ni ba, kuma na so a ce ya doke ni, da an wuce wurin. Abin da ya faru ya fi duka. Kafin a kwana biyu labari ya zauna a ƙauye da gindinsa: ɗiyar Modi ta kashe inji da kanwa. Labari ne mai daɗin faɗi, ya kuma yi wa kowa daidai. Ya wanke manyan ƙungiya da suka karɓi abin da ba su iya karanta littafinsa ba. Ya wanke waɗanda suka hana a kwance noti huɗu. Ya wanke mutumin da ya zuba wa gona uku ido kwana goma sha biyu don kada a ce ya kira gayya. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango nawa. Ban ce ba ni da laifi ba, ni na sa kanwar, ni na ci wayar. Amma nawa laifin na rabin sa'a ne in an bar mai gyara ya yi aikinsa. Sauran kwanakin ba ni na ci su ba, kuma na daɗe ina jiran wani babba ya faɗi haka ko sau ɗaya.

'Yan damin da muka kwaso a ka ba su kai mu ko tsakiyar rani ba. Da bazara ta tsaya, shanunmu suka fara cin danga da tsumma, ƙashin bayansu ya fito, tsohuwar saniyarmu sai an kama mata wutsiya take tashi. Dole a fitar da ɗaya a sayo wa sauran dusa da harawa. Shanun huɗa biyu ba a taɓa su, in ba su ba noma. Akwai wani bijimi na Baba da bai fara aiki ba, kowa ya ɗauka shi ne zai tafi. Baba ya ce Kyalla. A lokacin tana ɗauke da cikinta na fari. Inna ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, gadon karsanar suna ta. Ubana yab ba ta." Baba ya ce, "Bakin da yas sha kanwa shi ka biya." Wannan magana ita kaɗai ya taɓa yi a kan al'amarin, daga ranar da aka ɗaga akwati har ya bar duniya.

Ranar da motar fatake ta zo, Kyalla ta ƙi hawa. An jingina katako daga tudu zuwa bayan mota, ta kafa ƙafafunta huɗu ta tsaya. Suka ja igiya, suka murɗa mata wutsiya, suka zuba mata sanda har bayanta ya yi rudu-rudu, ko gezau. Ina laɓe bayan rumbu ina ji. Sai na ji Baba ya ɗaga murya, "Kulu, zo ki hau da ita." Da na ƙi, da sun ci gaba da dukanta, wannan shi ne uzurin da nake ba kaina har gobe. Na fito, na kwance bakin zanena, na zuba 'yar kanwa a tafin hannu na miƙa mata. Ta daina huci. Na riƙa ja da baya a kan katakon, tana biyo ni tana lasa, harshenta na kankare mini hannu, har muka shiga cikin motar. Na diro ta gefe, suka rufe ƙofa. Wani daga cikin fataken ya yi dariya ya ce yarinyar nan ta iya aiki. Motar ta yi nisa ina jin kukanta, kuma na san ni take kira, domin ni ta yarda da ita.

Injin ya yi kaka biyu yana aiki, sannan igiyarsa ta ƙare, tarakta ta lalace, ƙungiya ta watse. Yana can bayan tsohuwar makarantarmu, kaji na ƙwai a cikinsa. An koma ɗaure harawa da hannu, amma gayyar ba ta dawo ba, yanzu 'yan ƙwadago ake ɗauka, babu fura, babu yara masu gasa wake a bakin gona. Ina koyarwa a Tambuwal, kuma duk kaka in na ga dami jere a gefen titin Sakkwato sai ƙanshinsu ya mayar da ni waɗancan asubahin, lokacin da Baba ke cilla ni bisa rumfa in karɓi dami yana dariya, tun kafin wani abu ya shiga tsakaninmu. Wannan uban nake kewa. In na je ƙauye har yau akwai tsofaffin da ke ce mini Kulu Kanwa, su yi dariya, ni ma in yi musu yaƙe.

Ranar da za a kai ni gidan miji, Baba ya shigo da wata karsana ja, lafiyayya, wadda ta fi Kyalla girma da kyau. Ya ɗaure ta a turke, ya ce wa Inna ta Kulu ce, ya fita bai dube ni ba. Mata suka yi ta guɗa. Na gane abin da yake nufi, iyakar ban-haƙurin da namijin wurinmu zai iya yi wa 'yarsa ke nan, na kuma karɓa, Allah ya jiƙansa. Sai dai kalma ɗaya nake so, ba saniya ba, ita kuwa kalmar ya tafi da ita kabari. Saniyar tana nan wurin ƙanena, ta haifi huɗu, 'ya'yana suna ce mata saniyar Mama. Ni dai har yau ban sa mata suna ba.